Binciken Gidan Ummaru Mai Mazarƙwaila

Duk wanda ya bi hanyar Danja da rani ya san ƙanshin ruwan rake a kan wuta. Tun daga titi yake tarar mutum, kafin ya hango hayaƙi da rumfunan da ke jere a bakin fadama. Rumfa ta ƙarshe, wadda ke gindin durumi, ta Malam Ummaru ce. Ya haura hamsin. Gajere ne, kakkaura, hannayensa duk tabon ƙuna, kuma ba ya dogon ciniki. In ka taya mazarƙwailarsa ƙasa da yadda ya faɗa, sai ya nuna maka rumfar gaba, ya koma bakin inji.

Su biyu ke aikin, shi da ɗan'uwansa Zubair. Tagwaye ne, irin waɗanda matan unguwa kan ba ɗaya saƙo su tare ɗayan suna tambayar amsa. Ubansu bai sa musu sunayen da aka saba sa wa tagwaye ba. Ya ce a layinsu akwai masu sunan har gida biyu, in aka kira yaro ɗaya uku ke amsawa. Ummaru ke tura rake cikin inji. Zubair ke tsaye kan babban kasko, yana kwashe kumfa, yana duban ruwan har ya yi kauri. Fuska ɗaya, murya ɗaya, har tafiyar ma ɗaya. Abin da ya raba su shi ne Zubair yana da ciwon taɓin hankali, Ummaru ba shi da shi.

A shekarar babban fari aka haife su. Uwarsu Adama ta ɗauki cikinsu da rogo da ganyen tafasa, wata ranar ma ba ko wannan. Ummaru ya fara fitowa. Zubair ya biyo baya ɗan ƙarami, har ungozoma ta ce kada a sa rai. Ya rayu, ya kamo ɗan'uwansa a girma. Tare suka yi makarantar allo, tare suka koyi noman rake a fadamar ubansu, akushi ɗaya suka ci. Da suka zama samari Zubair ya tafi Kaduna aikin masaƙa, Ummaru ya zauna gida domin wani ya zauna.

Bayan 'yan shekaru aka kawo Zubair a mota. Ya rame, ba ya barci, yana cewa rediyo na ambaton sunansa. Ba ya cin tuwo sai Ummaru ya fara kai loma. Kowa ya kawo nasa bayani. Wasu suka ce sammu ne daga abokan aiki, wasu suka ce ya taka wurin aljanu, wasu suka ce wiwi, alhali ko sigari ba a taɓa ganinsa da ita ba. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka yanka abin da aka ce a yanka. Daga ƙarshe dangi suka kai shi wurin wani mutum a wani ƙauye, wanda ya sa masa mari a ƙafa. Da Ummaru ya je dubiya ya ga gyambon da ƙarfen ya yi, bai yi musu da kowa ba. Ya zauna ƙofar mutumin ya ce ba zai tashi ba sai an kwance. Aka kwance. Ya ɗora ɗan'uwansa a bayan keke, ya ɗaure shi a jikinsa da rawani don kada ya faɗi, ya tuƙo har gida.

Asibiti ne ya zo daga baya, kuma shi ne ya yi aiki. Ba a rana ɗaya ba. An canza magani, an sake canzawa, kafin a tsaya kan allurar da ake yi masa duk wata. Tun daga lokacin, in ranar ta zo, Ummaru kan kashe inji, ya goya Zubair a babur su tafi Funtua. Damina ko rani, ko da rake na jibge. Muryoyin ba su tafi gaba ɗaya ba. Zubair ya ce sun koma kamar hirar maƙwabta a bayan katanga, kana ji amma ba da kai ake ba. Hannunsa na ɗan rawa, maganarsa ta yi nauyi, bai yi aure ba. Amma a kan kasko babu kamarsa, domin hira ba ta ɗauke masa hankali. Ɗakinsa na zauren gidan Ummaru, kuma duk 'ya'yan gidan a kan cinyarsa suka koyi zama. Baffa suke ce masa.

Wata shekara, a ranar allura, wata likita mai suna Sa'adiya ta gan su zaune a benci ta tsaya. Ta ce tana cikin masu bincike a kan tagwayen da ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba, ko za su yarda a ɗebi jininsu. Ummaru ya ce a ɗiba, amma yana da tambaya da ya daɗe yana ɗauke da ita.

"Likita, an ce ciwon nan gado ne. To ni da shi ciki ɗaya, rana ɗaya. Me ya sa ya tsallake ni?"

Ta tambaye shi sana'arsa. Da ya faɗa mata sai ta ce, "In ka yanka sandar rake ɗaya gida biyu, ka dasa rabi a inda ruwa ke kwanciya, rabi a tudu, iri ɗaya za su fito?"

"A'a. Amma mutum ba rake ba ne."

"Ba rake ba ne," ta ce tana dariya. Sai ta yi masa bayani a hankali. Ƙwayoyin gadon da ke jikinsa da na Zubair kusan ɗaya ne. Amma a kan ƙwayoyin akwai wasu ƙananan alamomi da ke sa wannan ta yi aiki, waccan ta yi shiru, kuma alamomin na iya sauyawa da abin da mutum ya gamu da shi. Yunwar uwa lokacin da take da ciki, wahalar haihuwa, tsananin damuwa, shaye-shaye, duk ana zargin suna da hannu. Ko a ciki ɗaya ma, ba lallai tagwaye su sami rabo ɗaya ba. Shi ya sa sau da yawa ɗaya kan kamu ɗaya ya tsira.

"To wanne ne ya kama shi? Yunwar ko Kaduna?"

"Ba mu sani ba tukuna, Malam. Abin da muke nema ke nan."

Wannan amsar ta fi kwanta masa a rai fiye da duk bayanin. A shekarun da ya yi yana yawo da ɗan'uwansa, ita ce ta farko da ta ce ba ta sani ba. Sai ya yi tambayar da ta fi damunsa, ta 'ya'yansa. Ba ta ɓoye masa ba. Ta ce haɗarin ya fi na 'ya'yan gidan da ba a taɓa yin ciwon ba, amma mafi yawan irin waɗannan yara har su tsufa ba abin da ke samunsu, kuma jikoki sun fi nisa da shi. Alkawari dai ba za ta yi masa ba. Ya ce ai bai nemi alkawari ba.

Abin da likita ta faɗa a ofis daban, abin da mutane ke yi a gari daban. A ƙasar nan ba a neman aure sai an yi bincike. Dangin yaro kan tura wani babba ya shiga garin yarinya a ɓoye, ya zauna wurin mai shayi, ya tambayi asalin gidan, ko akwai sata, ko kuturta, ko hauka. Naja'atu, 'yar Ummaru ta biyu, malamar firamare ce, kuma an taɓa yi mata wannan binciken sau ɗaya. Saurayin ya daina zuwa, bai ce komai ba. Ta yi wata guda ba ta cin abincin kirki, sannan ta miƙe ta ci gaba da zuwa makaranta. Yanzu ga Kamalu, mai gyaran injin ban ruwa daga Gozaki, yaro mai kunya da baƙin mai a farce. Naja'atu ta faɗa masa komai tun farko, ya ce ya ji ya gani. Amma ba Kamalu ke yanke magana a gidansu ba. Uban ya rasu, magana na hannun ƙanin uban, wani Alhaji Sada, wanda ba wanda ya san fuskarsa a Danja.

Da labari ya iso cewa an kusa turo mai bincike, yayar su Ummaru, Sabuwa, ta zo daga Funtua takanas. Ta sami Ummaru yana wasa adda a tsakar gida, matarsa Shafa'atu na tsintar shinkafa a gefe.

"Ka ba ni Zubair ya zauna wurina har a ɗaura. Kowa haka yake yi."

"Wa zai tsaya min kan kasko, Yaya?"

"Kasko. Ana maganar auren 'yarka kana maganar kasko."

"In na kai shi Funtua, maƙwabtan fa? Su ma in kwashe su a mota?"

"Maƙwabta za su ce akwai shi. Ji daban, gani daban. Kana so a sake yi mata irin na wancan karon?"

Shafa'atu ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Malam, ka dai duba."

Ya duba ɗin. Kwana da kwanaki yana tura rake cikin inji yana juya maganar. Ya san Sabuwa ba mugunta take yi ba, kuma ya san in aka sake fasawa, wannan karon shi za a ɗora wa. Amma ya kasa gano yadda zai buɗe baki ya ce wa Zubair ya tattara kayansa. Bai ce a'a ba, bai ce to ba. Zubair ya ci gaba da fitowa aiki.

Wata safiya bel ɗin inji ya tsinke. Ummaru ya tsuguna bayan tarin rake yana ɗinke shi da waya, ba a hango shi daga rumfa. Sai ya ji sallamar baƙo. Ya leƙa ta tsakanin sanduna ya ga dattijo mai farar shadda da takalmin da bai san fadama ba.

"Malam Ummaru ko? An ce taka ta fi ta kowa a layin nan."

Zubair ya amsa gaisuwa, ya tura masa benci da ƙafa. Bai gyara sunan ba. Ya daɗe da daina gyarawa, musamman in ruwa ya fara kauri, domin a lokacin ko kiftawa ba ya son yi.

Baƙon ya ce buhu biyu yake so. Bai tambayi farashi ba, bai ɓantari ko ɗaya ya ɗanɗana ba. Ya tambayi yawan iyali, ya tambayi masallacin da ake salla, ya ce shi daga wajen Kafur yake. Waya ta tsaya a hannun Ummaru. Wannan ba mai saye ba ne.

Hirar ta yi ta tafiya, kuma ta tafi daidai. Zubair ya gaya masa yadda ake gane ruwa ya nuna daga ƙarar tafasarsa. Ya ce noman rake ya lalace tun da taki ya yi tsada. Baƙon ya yi dariya, ya gyara zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ummaru ya ga cewa in ya ci gaba da tsugunne, mutumin nan zai koma Gozaki ya ce ya zauna da uban yarinya, mutumin kirki ne mai natsuwa. Ba wanda ya yi ƙarya.

Sai baƙon ya sassauta murya. "Na ji an ce kana da wani ɗan'uwa da ba shi da lafiya. Allah ya sawwaƙe. Yana gida ne, ko an kai shi wani wuri?"

Ummaru ya ajiye bel ya miƙe. Kafin ya zagayo tarin raken, Zubair ya riga shi.

"Ni ne, Alhaji."

"Kai ne wa?"

"Mara lafiyar. Ummaru ga shi can yana fitowa. Ɗan matsa, zan sauke."

Baƙon ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya mayar da hularsa. Dole ya matsa, domin tagwayen sun kama kaskon ta kunnuwa biyu sun sauke, kuma ba wanda ya kula shi sai da aka juye. Sannan Ummaru ya goge hannu ya miƙa masa.

"Alhaji Sada ne, in ban yi kuskure ba."

"Wa ya gaya maka?"

"Wanda ya zo sayen buhu biyu yakan ɗanɗana."

Alhajin ya yi 'yar dariyar kunya. Ya ce to tunda an gane shi, a bar shi ya yi tambayarsa kai tsaye, domin amana ce aka ɗora masa. Ya dubi Ummaru ya ce, "Yana duka?"

"Ga shi nan, tambaye shi."

"Na taɓa fasa rediyo," in ji Zubair, yana zuba ruwan cikin ƙananan kwanuka da ludayi. "Ta Yaya Sabuwa. Har yau tana maganarta."

"Kuma yanzu ka warke?"

"Ban warke ba. Ina kan allura. In na bar ta zai dawo."

Alhaji Sada ya ce, "Malam Ummaru, ni tsorona jikoki."

Ummaru ya gaya masa abin da likita ta ce, bai rage ba. Ya fara da ɓangaren da ba shi da daɗi, cewa haɗarin ya fi na wani gida. Ya faɗi maganar alamomin da ke kunna ƙwayar gado ko su kashe ta, iyakar yadda ya riƙe, ya ce su masu binciken ma ba su gama ganewa ba. Ya ce shi da Zubair jini ɗaya ne, ga shi ga shi. Ya ce 'ya'yansa bakwai, har yau lafiya, gobe kuwa ta Allah ce, kuma ba zai rantse a kanta ba.

"Ba ka taya 'yarka talla ba," in ji Alhajin.

"Ba tallarta nake ba."

Bai tafi nan take ba. Ya zauna har mazarƙwailar ta daskare, ya karɓi wadda Zubair ya ɓantaro masa da ɗumi, ya ce ta yi. Ya sayi ƙullin leda ɗaya maimakon buhu biyu, ya hau acaɓa.

Daga nan shiru. Sabuwa ta bugo waya ta ce ai ta faɗa. Naja'atu ta ci gaba da kai wa Baffa kunu da safe kamar kullum, sai dai ta daina zama hira. Zubair ya lura. Wata rana a bakin kasko ya ce, "Da na yi shiru ko?" Ummaru ya ce da ya yi shiru da shi zai faɗa, ya kuma ce ya kula kumfa na zuba.

Saƙon da ya zo daga Gozaki ba na fasawa ba ne, ba na yarda ba ne. Alhaji Sada ya aiko a tambaya yaushe ne ranar allura. Ranar suka tarar da shi a ƙofar asibiti ya riga su zuwa. Ya bi layi tare da su, ya ga yadda ma'aikatan ke wasa da Zubair suna tambayarsa ina tsarabarsu. Da izinin Zubair ya shiga wurin Likita Sa'adiya, ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce, "Abin da ka faɗa shi ta faɗa. Sai dai ita ta fi ka iya magana." Ummaru ya ce aikinta ke nan.

Ba duk Gozaki ce ta yarda ba. Wata gwaggon Kamalu ta ce ƙafarta ba za ta taka bikin ba, kuma ba ta taka ba. Amma Alhaji Sada ya zo da mutanensa neman aure, da goro da alewa. Suka zauna a zaure suka fuskanci Ummaru. Ummaru ya ce sun san al'ada, uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, wurin baffanta ake nema. Ya nuna Zubair. Wani daga cikin baƙin ya yi gyaran murya ya dubi limamin unguwa. Liman ya ce an riga an tambaye shi, mutumin da ke cikin hankalinsa a lokacin da ake magana, maganarsa magana ce, kuma shekara nawa yana ganin Zubair a sahun gaba. Alhaji Sada ya juya tabarmarsa ya fuskanci Zubair, ya sake gaisuwa daga farko.

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a. Zubair ya sa babbar rigar da Naja'atu ta ɗinka masa. Da liman ya tambaye shi ko ya bayar, ya ɗauki lokaci kafin ya amsa, kamar yadda yake yi a kowace magana, har wasu suka fara duban juna. Ummaru bai dubi kowa ba.

"Na ba Kamalu auren 'yata Naja'atu," in ji Zubair. Ya ƙara da cewa, "A riƙe ta da kyau." Wannan ba ya cikin abin da aka koya masa, amma aka shafa fatiha a kai.

Da jama'a suka watse, Sabuwa ta aiko yaran gida su kira tagwayen cin abinci. Aka tarar sun tuɓe manyan riguna sun rataye a ƙusa. Ummaru na tayar da babur, Zubair na bayansa riƙe da ludayi, domin raken da aka yanka jiya yana jibge a rana.

"A ajiye mana namu," in ji Ummaru. "Kasko biyu ne kawai."